Gonar Baba Tsoho Da Aka Kwashe A Tifa

Jama'a, mun ci! Daga yanzu duk tifa biyar ta jar ƙasa da aka ɗiba a gonakin ƙauyenmu, kuɗin ɗaya na masu gona ne. A ƙofar dagaci aka yanke, aka shafa fatiha, da idona na gani. Na so in zo muku da labarin nan ina tsalle, har hotunan ɗorawa a guruf na tanada. To amma itacen ɗorawar kakata Iya ya faɗi, kuma gonar da aka yi mini alkawari tun ina firamare yanzu kududdufi ce. Don haka ku yi haƙuri, yau ba Abban barkwancin da kuka saba ba ne. Ga yadda tafiyar ta kasance, daga fita har dawowa.

LARABA: KANO ZUWA KARAYE

Ranar Talata na rubuta jarabawata ta ƙarshe. Waɗanda suke wurin sun ga yadda na fito, riga duk sa hannun 'yan aji, murya ta dishe saboda ihu. Ina cikin wannan cashewa Baffa Isa ya kira. Baffa Isa ƙanin marigayi babana ne, tela ne a Karaye, kuma mutum ne da ba ya ƙona kati a banza.

"Abba, an gama?"

"An gama, Baffa, sai addu'a."

"Allah ya sa a dace. Gobe ka taho. Kakanka muke so ka yi wa magana."

"Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Ka taho dai." Ya kashe.

Ina idar da sallar asuba na saɓa jaka, gari bai gama wayewa ba na isa tashar Kabuga. Golf ce a layi, huɗu a baya biyu a gaba, dubu uku da ɗari biyar ba ragi. Na yi wa kwandasta duk kalar daɗin bakin da na iya, ya ce, "Ɗan makaranta, ko digirinka za ka ajiye jingina kuɗin nan bai sauka." Na biya. Aka haɗa ni a gaba da wani bawan Allah da ya rungume faifan sola kamar jariri, gefensa yana sokar mini haƙarƙari har muka rabu.

Bayan Janguza muka tarar da shinge. Mai kakin ya leƙo, ya ga rigar jiya da ban cire ba, ya ce, "Sabon giraduwet, me aka kawo mana?" Na ce, "Oga, sakamakon ma ban gani ba tukuna." Ya yi dariya ya ɗaga mana hannu.

Can gaba da Kabo akwai wani yanki na titi da aka gyara. Sumul, wallahi, ko ruwa ka ɗora a kan dashbod ba zai zube ba. Direba ya taka, iskar damina tana shigowa, masara kore shar hagu da dama. Na zaro waya na ɗauki bidiyo, na sa a sitatus na rubuta, "Yankinmu ya waye, masu hassada ku sha ruwa." Wasu a cikinku har da tura mini alamar wuta. Ku riƙe wannan bidiyon a ranku, zan dawo kansa.

KARAYE, SHAGON BAFFA

Hantsi ya ɗaga muka shiga Karaye. Baffa yana kan keke yana ɗinka wata shadda, bai tashi ba, sai da ya kai ƙarshen layi. Muka gaisa, gaisuwar gida da ta makaranta da ta mahaifiyata a Kano, sannan ya aika aka sayo mini soyayyen kifi da gurasa. Kifin Karaye dai kun sani, ba sai na yi talla ba. Sai da na ci na wanke hannu ya ja kujera.

Bari in yi muku bayani yadda ya yi mini, don wanda bai san ƙauye ba. Kakana Malam Sule, muna ce masa Baba Tsoho, sunansa aka sa mini. Yana da gona a kan tudu, bakin hanya, a wani ƙauye ta wajen Fulatan. Babana ya rasu ina ƙarami, kakana yana raye, kun ga ke nan ba ni da gado a wurinsa. Shi ya sa ya tara 'ya'yansa ya ce wannan gonar ta takwaransa ce, ranar da na gama karatu zai damƙa mini. Kowa a gidanmu ya san da wannan.

Damina biyu da suka wuce gwiwa ta kayar da shi, ko masallaci sai da sanda. Sai ga wani mutum da babbar riga da ƙullin goro, wai wakilin wani ɗan kwangila ne, suna neman aron gonar za su ɗan kankare ƙasar sama don aikin hanya, su ma share masa tsakuwa. Ya zaro kuɗi zai bayar. Baba Tsoho ya ce a'a, ya mayar da kuɗinsa aljihu. A wurinmu in ka karɓi kuɗi a kan gona, to ka sayar ko ka jinginar. Aro kuwa kyauta ake bayarwa, gona tana nan taka. Sharaɗinsa guda biyu ne tun kakanni: mai aro ba ya dasa itace, ba ya sare itace. In kaka ta yi ya kawo wa mai gona dami ɗaya, shaidar cewa ya san ba tasa ba ce. Waɗannan Baba Tsoho ya gindaya masa, ya ce damina biyu, a dawo masa da abarsa kafin jikansa ya gama makaranta. Mutumin ya ce ya ji ya yarda.

"Maƙwabta da suka ga Malam ya bayar, su ma suka bayar," in ji Baffa. "Yanzu kowa ya gane an sha shi. Sun je neman a dinga ba su wani abu a kan kowace tifa, manajan wurin ya ce babbanku aro ya ba mu, bai nemi sisi ba, ku su wa? Jibi Juma'a za a zauna gaban dagaci. In Baba bai fito ya yi magana ba, an gama. Mun yi mun yi, ya ƙi."

"Shi bai ga abin da ake yi a gonar ba?"

"Bai taka ba tun ranar. Ya ce wanda ya ba da aro ba ya zuwa leƙe, rashin kunya ne, kamar kana zargin mutum. Mu kuma muna tsoron hawan jininsa, sai mu ce masa ana dai haƙa da yawa." Ya nuna ni da almakashi. "Kai ne kake sa shi dariya. Ka lallaɓa shi. Amma kar ka nuna masa komai a wannan wayar taka."

Na ce an gama, Baffa, wannan ƙaramin aiki ne. Har ga Allah haka na ɗauka. Rabona da ƙauye tun kafin a fara haƙar, duk hutu ina shagon cajin waya a Kano ina haɗa kuɗin makaranta. A raina wani ɗan rami ne da za a cike da baro goma.

Ruwa ya tsuge da la'asar bai ɗauke ba sai magariba, dole na kwana a Karaye, a ɗakin zaure tare da keken ɗinki biyu da sauro kamar an yi musu gayya.

ALHAMIS: ROGO, DA MOTAR DA BAI KAMATA IN HAU BA

Da safe na samu bas zuwa Rogo, cike da mata masu zuwa biki da buhunan taki. Tafiyar ba ta da nisa, sai dai tsaye-tsaye, kowa a bakin gonarsa yake son a sauke shi. A Rogo Sabon Gari na sauka, na sha fura da nono a gindin wata bishiya, damun da ya sa na manta da duk yogot ɗin Kano.

Sai rigimar 'yan acaɓa. Ina faɗar sunan ƙauyenmu kowa sai ya kau da kai. Ɗaya ya ce, "Mutumina, hanyar nan tifofi sun kashe ta, ga ruwan jiya. Ko ka ninka kuɗin ba zan sa mashin ɗina ba." Ina tsaye ina tunani sai ga wata tifa babu lodi ta tsaya shan mai. Na ga jar laka a tayarta, na ce bari in gwada sa'a. Direban sunansa Ɗanlami, saurayi ne bai fi ni da yawa ba, hula a karkace, rake a hannu.

"Hau mana, ƙanena. Can na nufa. Kuɗin mota ka ba ni labarin 'yan matan jami'a."

Na hau ina jin kaina a sama, har da selfi. Muka kama hira, gayen akwai baki. Na tambaye shi ina zai yi lodi, ya ce Ramin Mai Ɗorawa.

"Babu ƙasa irin ta wurin a duk yankin nan. In rola ta daddanne ta, ta zama kamar siminti. Ta Kabo ka biyo? To wannan sabon titin da ka ji kamar katifa, duk cikon ƙasan nan mu muka kai."

Na ce to kuɗin lodi wa ake ba wa? Ya fara lissafa mini da sandar rakensa: oga mai kwangila, mai katafila, 'yan yuniyan, masu yankar rasit a bakin hanya, har masu tsaron dare da nasu.

"Mai gona fa?"

"Wane mai gona?" Ya tofar da ɓawon rake ta taga. "Wai wani tsoho ne ya bayar kyauta. An kai masa kuɗi ya ƙi karɓa. Ni dai ban sani ba, ko waliyyi ne ko gara ne. Abu ɗaya ya ce, kar a taɓa masa bishiya. Za ka gani, abin dariya."

Muka hau tudun, na gani.

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Inda na san dawa tana fin mutum tsayi, inda babana yake ɗora ni a kan jaki in riƙe masa gora, babu komai. Rami ne da zai haɗiye gidan bene, ƙasansa jan ruwa kwance, katafila tana ta ci a gefe guda, tifofi sun yi layi. A tsakiyar ramin an bar wani dogon ginshiƙi na ƙasa shi kaɗai, a kansa kuma itacen ɗorawar nan yana tsaye, saiwoyinsa sun fito ta ko'ina suna reto a iska. Ba su sare ba. Sun cika sharaɗi tsaf. Sun dai kwashe duk abin da yake kewaye da shi.

Ɗorawar ta kakata ce, Iya. Tun tana amarya surukarta ta ba ta. Da kalwarta take daddawar da ake zuwa saya har daga Rogo, da kuɗin daddawar nan ta saya mini jakar makaranta ta farko.

"Ka gani ko?" in ji Ɗanlami yana dariya. "Kamar hular sarki."

Na ce, "Tsohon kakana ne."

Ya kashe rediyo. Can ya ce, "Wallahi ban sani ba, ƙanena. Ni lodi ake ba ni in kai. Ka yafe mini maganar da na yi." Na ce ba komai. Na sauka na ɗauki bidiyon wurin daga wannan gefe zuwa wancan, don ban san me zan yi ba in ba wannan ba. Ragowar hanyar a ƙafa na ƙarasa.

GIDA

A ƙofar gidanmu akwai tulin jar ƙasa, ciyawa har ta fara fitowa a kai, awaki suna hawa suna sauka. Daga baya na ji labarinsa. Da kaka ta yi, Baba Tsoho ya aika a tuna wa masu aro damin shaida. Su kuma ba su noma komai ba, sai suka juye masa tifa ɗaya a ƙofar gida. Ya yi murna, ya ce mutanen kirki ne, sun san al'ada. Da ita aka yi yaɓen katangar baya.

Iya ce ta fara hango ni. "Angona ya dawo. Hannu rabbana, ko akwai lefe?"

"Burodi ne da sabulu, amarya. Lefen sai an fara albashi."

"Shekara nawa kana wannan waƙar? Zan koma wa tsohon mijina."

Baba Tsoho yana zaure a kan buzu, ƙafa a miƙe, carbi a hannu. Ya rame, amma idon nan yana nan da wasansa.

"Takwara. An ce ka gama. Yanzu me za ka iya, banda latsa wannan abar?"

"Zan iya ƙwace maka mata."

"Ɗauke ta, ka ji yadda ake ciyarwa." Ya yi dariya har da tari. Sannan ya ce, "Ka zo a daidai. Wa'adin mutanen nan ya cika da wannan daminar. Suna tashi zan kira shaidu in ba ka gonarka. Sun ce har tsakuwar sun share, garma za ta ji daɗin shiga."

Na ce, "Baba, gobe akwai zama a ƙofar dagaci."

Fuskarsa ta canza. "Isa ne ya turo ka. Na gaya musu ba ni zuwa. Mutum ya zo da goronsa, na ba shi aro da bakina, bai dasa ba, bai sare ba, ya kawo shaida. In je gaban jama'a in ce a biya ni? Ranar da na karɓi kuɗi, ranar gonar ta bar hannuna. Me zan ba ka?"

Na gwada barkwanci, bai ci ba. Na gwada maganar haƙƙi irin ta makaranta, cewa arzikin da yake cikin ƙasar mutum dole a raba da shi, ya ce in ajiye turancina a jaka. Aka kawo tuwon masara miyar kuka. Loma ɗaya na san ba daddawar Iya ba ce. Na kalle ta, ta kau da kai ta ce, "Ta kasuwa ce. Ci kawai."

JUMA'A DA SAFE

Iya tana tankaɗe a tsakar gida ta kira ni da hannu. Ba wasa a muryarta.

"Ka je wurin?"

"Na je."

"Bara na je roron ɗorawa na tarar ba hanyar isa gindinta. Bana 'ya'yan a ruwa suka zube ina kallo daga baki. Na gaya masa, ya ce mata akwai ƙari. Kana da hoton a wayarka?"

"Baffa ya ce kar in nuna masa. Jininsa."

"Isa ɗana ne, tsoro gare shi tun yana yaro. Mutumin nan na fi ku saninsa. Gara ya gani yau yana da bakin magana, da ya gani ranar da ya tara shaidu zai ba ka."

Na daɗe a tsaye da waya a hannu. Ni da babban yatsana ba ya hutawa, ranar sai da na yi bismilla kafin in danna. Na shiga zaure na durƙusa kusa da shi na ce, "Baba, kalli wani abu."

Ya karɓa ya nisanta da ido yadda tsofaffi suke yi. Bidiyon yana tafiya, ramin, jan ruwan, layin tifofi.

"Ina ne nan? Dam ne?"

Hoton ya zagayo kan ginshiƙin. Ya matso da wayar dab da fuskarsa. Akwai wani reshe da ya karye tun zamanin babana yana yaro, ya warke a karkace. Na ga ya ɗora yatsa a kansa.

Bidiyon ya ƙare. Ya ce in sake. Na sake. Bai yi salati da ƙarfi ba, bai zagi kowa ba. Ya miƙo mini wayar ya ce, "Takwara, ka yi haƙuri." Tunda nake ban taɓa jin ya ba wani haƙuri da irin wannan murya ba, kuma wai ni. Na fita bayan gida na yi kukan da rabona da shi tun rasuwar babana.

Da na dawo ya sa farar rigarsa ta Juma'a. Ya ce, "Nemo mini mashin."

ƘOFAR DAGACI

Bayan an sauko daga masallaci aka shimfiɗa tabarmi. Masu gonaki su wajen goma, liman, dattawa, Baffa Isa da ya iso da azahar yana ta harara ta. Samarin gari kuma tun safe sun gindaya itace a hanyar ramin, tifofi sun yi cirko-cirko. Manajan ya zo da farar mota, waya biyu a hannu. Da ya ga an sauko da Baba Tsoho daga mashin, da gudu ya zo ya durƙusa yana gaishe shi.

Da aka ba shi dama ya yi magana mai tsari, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ce suna da takardun izini daga sama, suna biyan duk abin da aka ɗora musu. Ya ce, "Ga Baba nan, Allah ya ƙara masa lafiya. Aro ya ba mu. Baba, mun dasa itace?"

"Ba ku dasa ba."

"Mun sare?"

"Ba ku sare ba."

"Mun kai shaida?"

"Kun kai, tana ƙofar gidana."

Manaja ya buɗe hannu yana kallon jama'a. Na ga Baffa ya sunkuyar da kai. Sai Baba Tsoho ya gyara zama ya ce, "Ranka ya daɗe, duk abin da yaron nan ya faɗa gaskiya ne. Ni ban zo neman kuɗi ba. Damina biyu muka yi da su, ta cika. Na gode, Allah ya amfana. A dawo mini da gonata yadda na bayar, zan ba marayan ɗana."

Dagaci ya juya wajen liman ya ce, Malam, yaya hukuncin aro yake? Liman ya ce abin aro ana amfana da shi ne a mayar da shi, wanda ya cinye ainihin abin kuwa sai ya biya. Wani dattijo daga baya ya ce, "To a fara kwaso ta daga kan titi." Aka yi 'yar dariya mara daɗi.

Manaja ya tashi ya koma gefe da wayoyinsa. Ya je ya dawo, ya je ya dawo, har aka kira la'asar aka yi aka sake zama. Da farko ya ce kuɗin tifa ɗaya cikin ashirin, jama'a suka ce a bar itacen nan a hanya har kaka. Aka yi ta ja. A ƙarshe aka tsaya a ɗaya cikin biyar, daga ranar, kuma masu gona su sa nasu mutum a bakin ramin yana ƙirga. Ƙasar da aka riga aka kwashe kuwa ya ce ba shi da iko, sai dai in sun tashi za su ture bakin ramin su rage masa zurfi. Ko za su yi, Allah masani.

Samari suka ɗau sowa. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba, har na rungume wani da ban sani ba. Baba Tsoho bai motsa ba. Ya jawo hannun liman ya ce, "Malam, in an karɓi wannan, an sayar ke nan?" Liman ya ce a'a, ramuwa ce, ƙasa tana nan taka. Ya gyaɗa kai a hankali ya ce, "Tana nan tawa." Ya kalli wajen tudun.

ASABAR

Da asuba aka yi ruwa da iska mai ƙarfi. Gari yana wayewa wani makiyayi ya yi sallama ya ce ɗorawa ta tafi. Ginshiƙin ya jiƙe ya zame, itacen ya kifa cikin ramin, saiwa a sama.

Iya tana wanke ƙwarya aka faɗa mata. Ta ci gaba da wankewa, ƙwarya ɗaya, ta daɗe a kanta. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da wani ƙullin tsumma. Kalwa ce, 'yar kaɗan, ragowar roron ƙarshe da ta yi, ta ɓoye ba ta dafa ba. Ta ajiye a gaban Baba Tsoho.

Ya sa aka sake nemo mashin, ya ce a kira Baffa da maƙwabta biyu. Muka je. Wannan ne ganinsa na farko da ido. Ta gefen gabas akwai wani ɗan zirin ƙasa da katafila ba ta kai ba saboda iyakar maƙwabci, faɗinsa bai fi a shimfiɗa tabarma huɗu ba. Ya tsaya a kai da sandarsa, iska tana kaɗa masa riga, ya ce, "Ku shaida, na ba takwarana gonata, daga nan har inda ta tsaya, da abin da za a dinga bayarwa a kanta." Ya nuna ramin da sanda, kamar yadda ake nuna iyaka. Sannan ya zuba mini kalwar a tafin hannu.

"Mai aro ba ya dasawa. Kai dasa."

Ban zo da fartanya ba, da hannu na tona. Ƙasar tana da laushi saboda ruwa. Ina binnewa yana gaya mini in ja baya da bakin ramin, in ƙara ja. Da na gama ya ce, "Ɗorawa tana daɗewa kafin ta yi 'ya'ya. Ni da amaryarka ba za mu ci ba." Na jira ya ƙarasa da tsokana yadda ya saba. Bai ƙarasa ba.

LAHADI: KOMAWA

Ɗanlami ne ya fito da ni har Rogo, da lodi a bayansa. Ya ce wannan ce ta biyar a ranar, ya ƙirga da kansa, tamu ce. Ya ƙi karɓar ko kuɗin rake. Daga Rogo bas zuwa Karaye, na leƙa shagon Baffa, ya ce ya huce amma kar in ƙara. Daga nan golf zuwa Kano, wannan karon a baya, tsakanin wata hajiya da kajinta.

Da muka hau sabon titin nan direba ya ce, "Kun ji aiki, kamar a jirgi." Kowa ya ce wallahi. Na zaro waya na goge bidiyon Laraba, na kifa ta a cinya har muka wuce.

Ana kiran magariba na shiga gida lafiya. Alhamdu lillahi. Na gode wa Baffa Isa, da Ɗanlami, da samarin da suka wuni a rana a bakin hanya, da duk wanda ya kira ya ji shiruna. Na kira Iya na ce na sauka, ta ce an kewaye wurin da ƙaya saboda awaki, kuma Baba Tsoho ya ci abinci kaɗan.

Roƙona ɗaya. In kana da tsoho a ƙauye mai gona a kan tudu ko bakin rafi, kira shi yau ka tambaye shi ko wani ya zo masa da goro neman aro. In ya ce e, kar ka tsaya a waya, hau mota ka je ka gani da idonka. Don Allah ku tura wannan a duk guruf ɗin da kuke, musamman na 'yan Karaye da Rogo.